Injin da Ya Cije

Da safiyar ranar da mai kantin magani zai zo ɗaukar injinsa, Gwaggo ta yaye tamfol ɗin da aka lulluɓe shi da shi, sai ta ga wayam, babu kafireta. Ba ita kaɗai ba, har wuyan ƙarfen da take zaune a kai an kwance an tafi da shi. Ramuka baƙaƙe ne kawai a gefen injin, ga siraran tiyo an yanke su suna reto, baƙin mai yana ɗiga a kan katako.

"Kai! Wane ɗan banza ne ya yi min wannan aika-aikar?"

Ihun da ta kurma sai da tattabarun rumfa suka tashi.

Gwaggo ce mai filin. Filin matattun motoci ne da ta gada daga mijinta: a sayi motar da ta yi hatsari, a kwance abin da ke da sauran amfani a sayar, gangar jikin kuma a yayyanka a ɗora a sikeli. Kowa a layin Gwaggo yake kiranta, har waɗanda suka girme ta, kuma kowa ya san halinta. Ba ta cin haƙƙin kowa, wannan ko maƙiyinta zai shaida. Amma fa in ranta ya ɓaci, bakinta ne ke yin gaba a guje, tunani sai ya biyo baya da ƙafa.

Injin kuwa ba irin na kullum ba ne. Rotari ake ce masa, 'yan fili kuma suna kiransa marar fistin. Daga wata tsohuwar mota aka ciro shi, wadda bishiya ta faɗo wa ta latse ta. Mai kantin maganin yana da irin motar a ajiye, ya yi shekara da shekaru yana cigiyar injinta. Baba Mai-Kunne, tsohon makanikin filin, shi ke duba kowane inji ya ce mai rai ne ko matacce. Shi ya juya wannan da hannunsa, ya kara kunne, ya ce lafiyarsa ƙalau. A kan maganarsa Gwaggo ta bugi ƙirji ta yi wa mutumin alkawari.

Auta ne ya fara isowa. Ƙaninta ne uwa ɗaya uba ɗaya, ita ta goya shi, yanzu ya zama magidanci, shi ne shugaban ma'aikatanta. Ya dubi ramukan ya dafe kai. Ya ɗauko dogon sifana ya kafa a babban notin gaba, ya danna. Ko gezau. Ya sake dannawa da nauyinsa duka.

"Yaya, ba kafireta ce kaɗai matsalar ba. Ya cije."

"Ya yi me?"

"Ya cije. Matacce ne." Ya jefar da sifanan. "Ni dai na gaji da magana. Inji nawa ke nan tsohon nan ya ce masu rai ne, a wayi gari sun cije, mu zubar da su a farashin ƙarfe? Kunnen nan ya tsufa, Yaya. Kafiretar kuma, wa ya san darajarta a filin nan in ba shi ba? Wa ke shafa ta kullum kamar jaririya? Ya ga asirinsa zai tonu ne, ya ce bari ya ciri rabonsa tun da wuri."

Ana cikin haka sai ga Baba Mai-Kunne ya turo kekensa. Ko sallamarsa Gwaggo ba ta amsa ba. A gaban Auta, a gaban Maigadi, a gaban mai waldar da ake kira Tartsatsi, har da maƙwabtan da ihu ya jawo, ta wanke tsohon nan tas. Ta kira shi maci amana, ta kira shi ɓarawo. Mutumin da shi da mijinta suka kafa ƙofar filin nan da hannunsu!

Bai ɗaga murya ba. Ya jingine keken ya ce, "Uwargida, bar ni in taɓa shi tukuna."

"Taɓawar da ka yi ta isa! Kada hannunka ya ƙara sauka a kan kayana!"

Ta buga waya caji ofis. Kofur ya zo, ya saurari Auta, ya dubi ramukan, ya tasa ƙeyar tsohon. Da zai fita ya ce mata, "Sufeto zai dawo da yamma. Ki zo ki ba da bayani, in ya so a tura shi kotu."

Motar 'yan sanda ba ta gama shan kwana ba sai ga a-kori-kurar Mai-Sikeli ta shigo da baya. Shi ke sayen ƙarafunan filin da matattun injina. Ya diro yana washe baki, yana shafa tumbi.

"Gwaggo ikon Allah! Na ji an yi rashi. Na zo ɗaukar gawar marar fistin, in rage miki ɓacin rai."

Har ta buɗe baki za ta ce ya kwashe ya ba ta wuri, sai ta tsaya. Wurin Mai-Sikeli yana can ƙarshen gari, bayan gada, kuma da safe hanyar nan cunkushe take. Ta dafa murfin motarsa, zafi rau. Wanda ya iso yanzu daga can, ai ya baro gida tun ba ta yaye tamfol ba.

"Wa ya gaya maka ya mutu?"

"Haba Gwaggo, ai labari yawo yake."

"Yaushe ya yawo har ya kai gare ka?"

"To, ɗazu... ko jiya ne? Kin san kaina da yawa."

"Jiya ranar hutu ce. Jiya injin nan yana da rai a sanina." Ta juya. "Maigadi! Rufe ƙofa, ka kawo min makullin. Baƙonmu zai ɗan zauna."

Mai-Sikeli ya fara kame-kame, wai yana da kaya a wani wuri. Ta nuna masa tsohuwar kujerar mota a gindin rumfa, ta ce ya ɗora tumbinsa a can.

Fushin yana nan bai sauka ba, amma yanzu wani abu ya tsaya mata a ƙirji. Idan tsoho ne ya saci kafireta, me ya haɗa shi da kiran Mai-Sikeli, mutumin da ko gaisuwa ba sa yi?

Ta fara da Maigadi, a cikin kwantenar da ta mayar ofis.

"Jiya wa ya shigo?"

"Ranki ya daɗe, Baba Mai-Kunne ne da safe. Ya duba injin, ya gyara tamfol saboda hadari, ya fita."

"Da me a hannunsa?"

"Babu komai. Keke kawai."

"Bayan shi fa?"

"Babu kowa."

"Dube ni. Wannan askin da ke walƙiya a kanka, aljanu ne suka zo suka yi maka a bakin ƙofa?"

Maigadi ya shafa ƙeya, ya yi tsuru-tsuru. A ƙarshe dai ya amsa cewa da rana ya je wurin mai aski, ya tarar da layi, daga nan kuma ya tsaya kallon ƙwallo a shagon. Sai da rana ta yi sanyi ya dawo. Ta zazzage masa abin da ya samu, ta kore shi waje. Sakarai ne, amma ba ɓarawo ba. Mutumin da bai san gaban sifana da bayansa ba, ba shi zai kwance notoci a jere ya bar su tsaf a kan katako ba.

Masu makullin ƙaramar ƙofar filin, ban da ita, su uku ne: tsoho, Auta, da Tartsatsi. Ta kira mai waldar.

"Jiya ina kake?"

"Asibiti, Gwaggo. Mai ɗakina ta sauka. Tun safe nake can, ko wanka ban yi ba, ki shinshina ki ji."

"Allah ya raya. Matsa can da warinka." Ta buga wa surukarsa waya nan take, tsohuwar ta tabbatar, har da ƙorafin cewa ya hana kowa sakat da zirga-zirga a ƙofar ɗakin haihuwa.

Ta fito ta tsaya a kan injin, ta riƙe ƙugu. "Tartsatsi, ɗauko kayan aiki. Buɗe shi za mu yi."

Auta ya taso da sauri. "Buɗe me, Yaya? Wannan ɓata lokaci ne. Inji ya cije, kafireta babu, kayan gyaransa ko a mafarki ba a samu. Ko an buɗe, wa zai haɗa? Ga mai saye a zaune. A ɗora a sikeli kowa ya huta."

Tartsatsi ya sosa kai. "Gaskiya Gwaggo, a nan kam yana da hujja. Marar fistin in ya cije, yawanci bangon cikinsa ne ya karce, in kuwa bango ya karce, to sai dai a yi murhu da shi. Wahalar ta fi ribar."

"Na tambaye ku riba? A kan injin nan na tura mutum bayan kanta. Ko gawa ce sai na ga abin da ya kashe ta."

Babban notin baya ba ya kwantuwa da hannu, sai da na'urar lantarki, ga shi an ɗauke wuta. Aka aika Maigadi ya tayar da janareto. Daga ɗan ɗakin suna jiyo shi yana fizga yana tsaki, yana fizga yana zagi. Gwaggo ta leƙa a fusace.

"Kai kuma mene ne? Janareton ma ya fi ƙarfinka?"

"Ranki ya daɗe, igiyar ce ta koma guntuwa. Kafin in ja ta ƙare. Shekaranjiya lafiya lau take, yau na tarar an ƙulla mata mariƙi a tsakiya."

"To ja da haƙoranka!"

Da ƙyar ya tashi. Tartsatsi ya kwance babban notin, suka bi dogayen kusoshin da suka ɗaure injin ɗaya bayan ɗaya, suka sa ƙarfe suka ɗaga farantin baya. Gwaggo ta haska fitilar waya.

Ciki ba fistin, ba silinda. Ɗaki ne mai siffar ƙwai, a tsakiyarsa wani ƙarfe mai kusurwa uku wanda ke zagayawa yana shafar bango. A bakin kowace kusurwa akwai siririn ƙarfe kamar reza. To, tsakanin kusurwa ɗaya da bango, ga wani abu a dunƙule, a matse, ya yi baƙi da mai. Tartsatsi ya sa filaya ya ja, ya yi ta ja. Igiya ce ta roba, fara mai ɗigon ja, ta fi kamu biyu. Bakinta ɗaya a datse yake ƙat, kamar da almakashi.

"La ilaha! Inji ya haɗiyi igiya?" in ji Tartsatsi.

Gwaggo ta ƙura wa igiyar ido. Jikinta ne ya yi sanyi, don ta san wannan aikin. Duk wanda ya taɓa kwance inji a filin nan ya san shi, mijinta ne ya koya musu. In za ka kwance notin gaba kuma injin yana bin ka yana juyawa, sai ka cire fulogi, ka zura igiya ta ramin har ta cika kan fistin, ka bar jelarta a waje. Fistin ya taso ya danne igiya, inji ya tsaya cak. Ka gama aikinka, ka juya baya kaɗan, ka zare igiyarka, inji ko ƙwarzane babu. Dabara ce ta aiki. Ashe wani ya mayar da ita dabarar sata.

Ta zagaya gefen da aka cire kafireta, ta haska cikin ramukan. Duk sun sha sabon karce, farare tas, irin na wayar ƙarfe.

"Tartsatsi, in kai ɓarawo ne kana son kafireta, za ka tsaya kwance wuyan da take kai?"

"Ina! Noti huɗu ne a samanta, in ɗauke in ƙara gaba."

"To wannan ba kafireta yake so ba, hanya yake nema. Ya zura waya ta nan yana ƙoƙarin ƙwaƙulo igiyarsa. Kafiretar tana cikin filin nan. Ɗauko sanda."

Ba su sha wahala ba. Mutumin da ke sauri ba ya nisa. A duron da ake tara tsohon baƙin mai, bayan rumfa, sandar ta daki ƙarfe. Tartsatsi ya naɗe hannun riga ya lalubo ta, da wuyanta da komai, tana tsiyaya.

Gwaggo ta ɗauki igiyar ta nufi ɗakin janareto. Ta kashe shi, ta jawo igiyarsa, ta warware ƙullin mariƙin. Fara mai ɗigon ja. Bakinta a datse ƙat, da ɗan baƙin mai. Ta haɗa bakin biyu suka zauna daram.

Makullin ɗakin nan biyu ne kacal a duniya. Ɗaya yana wuyan Maigadi. Ta daɗe a tsaye a wurin, cikin warin fetur. Da za ta iya, da ta ce ba ta gani ba.

Ta tara su a kwantena: Auta, Mai-Sikeli, Tartsatsi a bakin ƙofa, Maigadi a bayansa. Ta shimfiɗa igiyoyin biyu a kan tebur, ta dire kafiretar kusa da su, mai yana malala a kan takardunta ko a jikinta.

"Mai-Sikeli, injinan da ka kwasa a nan da sunan sun cije, ina suke?"

"Ai Gwaggo, ƙarfe ne, an narkar..."

"Ƙarya kake, munafuki! Suna kan titi suna gudu a cikin motocin mutane. Ana cusa musu igiya a nan, a yanke jelar daidai rami a mayar da fulogi, in zo in danna sifana in ji sun cije, in sayar maka a matsayin gawa. Ka kai wurinka, ka cire fulogi, ka sa ƙugiya ka zare igiya, gawa ta tashi. Ko ba haka ba?"

Gumi ya karyo masa. Ya saci kallon Auta. Kallon nan kaɗai ya isa, amma Gwaggo ba ta tsaya a kansa ba.

"Na yi ta tambayar kaina, wa zai yi wannan? Maigadi yana da makullin janareto, amma ko fulogi bai iya cirewa ba, kuma ba zai gutsure igiyar da shi ke wahalar ja ba. Tartsatsi yana asibiti. Saura Baba." Ta dafa tebur. "Baba ba shi da makullin janareto. Ko da yana da shi, ba zai taɓa yin wannan wautar ba. Da idona na ga shi da marigayi maigidana sun wargaza irin wannan injin sun haɗa, tun Auta yana makaranta. Ya san babu fistin da zai danne igiya a ciki. Ya san kusurwar nan wucewa take ta bakin ramin fulogi kamar wuƙa. Wanda ya yi wannan, ya ƙware a injin fistin, amma bai taɓa ganin cikin rotari ba. Sunan kawai ya sani. Ya manta igiyarsa ko ta ƙare, ya ari ta janareto. Ya zura, ya juya don ta kama, sai inji ya datse ta ya ja sauran ciki ya cije da gaske. Hankalinsa ya tashi. Ya kwance kafireta don ya ƙwaƙulo ta wancan ramin, ya ga siraran tiyon mai da bai san kansu ba, ya yanke. Igiya ta ƙi fitowa, kafireta ta ƙi komawa. Sai ya jefa ta a duro, ya ce bari a kira shi sata. Ya manta bai hana abokin cinikinsa zuwa da safe ba."

Ta juyo gaba ɗaya ta fuskanci ƙaninta.

"Auta, ina makullinka na ɗakin janareto?"

Mai-Sikeli ne ya fara zubewa. "Wallahi Gwaggo shi ya kawo min shawarar, ni ban..."

"Rufe min baki, zan zo kanka!"

Auta ya miƙe, idonsa ya kaɗa ya yi ja. Ba kunya ce a fuskarsa ba, fushi ne irin na gidansu.

"Eh, ni ne! Sai me? Wa ke ɗaga filin nan? Wa ke bin motoci cikin rana, wa ke faɗa da masu janwe? Ni! Amma in na ce inji kaza kaza ne, sai ki ce bari Baba ya zo. Baba ya ce, Baba bai ce ba. Da iyalina da komai, har yau ɗan aike nake a wurinki. Haƙƙina na ɗauka!"

"Haƙƙinka?" Ta buga tebur, kafiretar ta yi tsalle. "Da ka zo ka ce Yaya raba min nawa, da ban raba ba? Wace tsiya ka taɓa nema na hana ka? Satar ma da sauƙi, wallahi da satar ce kaɗai da na rufe ƙofar nan na ci mutuncinka mu biyu, magana ta mutu. Amma ka daɗe kana ɓata sunan dattijon nan a kunnena, yau kaɗan gobe kaɗan, kunne ya tsufa, kunne ya tsufa. Yau kuma ka tsaya a gabana, ka sa min magana a baki, ka ga an tasa ƙeyarsa, ko ƙifta ido ba ka yi ba! Mutumin da ya ɗauke ka a kafaɗa ranar da muka binne mahaifinmu!"

"Ni na kira shi ɓarawo? Ke kika kira shi. Ni na buga wa 'yan sanda waya?"

Maganar ta same ta inda ba ta zata ba. Ta ɗaga hannu za ta kwaɗa masa mari, hannun ya tsaya a sama. Gaskiya ya faɗa, ɗan banzan. Ta sauke hannun ta ɗauki makullin motarta.

"Tartsatsi, zuba igiyoyin nan da kafireta a buhu. Ku biyun nan, ku shige mota."

"Yaya, ni za ki kai caji ofis? Ni?"

"Akwai wanda ke zaune a wurinka tun safe. Shige."

Sufeto bai dawo ba, amma Kofur ya saurare ta har ƙarshe. Ya jujjuya igiyoyin, ya haɗa bakinsu, ya girgiza kai. Mai-Sikeli kuwa tun ba a tambaye shi ba ya fara lissafo injina da inda ya kai su. Aka shigar da su biyun, aka fito da Baba Mai-Kunne.

Ya fito ba takalmi, rigarsa ta yamutse, ya ƙara tsufa a wuni guda. Shi da Auta suka yi kiciɓis a ƙofar kanta. Tsohon ya dube shi sau ɗaya, ya kau da kai.

Gwaggo, wadda ba a taɓa ganin ta rusuna wa kowa a layin ba, ta durƙusa a kan simintin caji ofis, a gaban 'yan sanda da masu jiran belin 'yan'uwansu.

"Baba, na zalunce ka. Ba ni da bakin magana. Ka yafe min."

"Tashi, Uwargida, ana kallonki." Ya zauna a benci, Kofur ya miƙo masa takalmansa da agogonsa. Yana sawa ya ce, "Me kuka tarar a ciki?"

Ta gaya masa. Ya rufe ido kamar wanda aka taka wa ƙafa.

"Igiya a rotari. Kai, jama'a." Ya buɗe ido. "Bangon fa? Kin sa farce kin ji?"

"Na sa. Santsi ne, sai ɗan layi ɗaya da farce ba ya kamawa. Reza ɗaya ce ta karye."

"To bai mutu ba. Kada ki bari kowa ya ɗora shi a sikeli. Rezar ana samu in an yi haƙuri, a sake duka gaba ɗaya. Kafiretar a jiƙa ta a fetur, a busa ramukanta. Siraran tiyon nan kuma dole a mayar da su, ta nan yake shan mai, in babu su zai ƙone cikin mako. Ki gaya wa mai kantin magani ya ƙara haƙuri, zai ji kukan injinsa."

Wani sanyi ya ratsa ta, har ta fara share ido da gefen mayafi. "Alhamdu lillahi. To gobe sai ka huta, jibi in ka shigo..."

"Akwai wani makaniki a bayan tashar manyan motoci, mai ɗingishi. Ya taɓa haɗa irinsa. Ki ce ni na turo ki." Ya miƙe ya gyara zaman hularsa. "Akwatin kayan aikina da kekena, ki sa Tartsatsi ya kai min gida."

"Baba, don Allah. Filin nan naka ne. A gaban kowa na faɗa, a gaban kowa zan janye, har maƙwabta zan tara."

"Na yafe miki, har ga Allah. Yaron nan ma ƙarya ya yi miki, kuma ƙarya tana kama kowa. Amma shekarun da na yi a filin nan, da na ɗauka sun kai a tambaye ni kafin a kira motar 'yan sanda. Ba zan iya tsayawa a gaban yaran nan in ce musu inji kaza mai rai ne ba. Bakina ba zai buɗu ba."

"To bari in kai ka gida."

"Na san hanya."

Ya yi wa Kofur sallama, ya fita, ya bi gefen titi a hankali har ya ɓace cikin masu komawa gida daga aiki. Gwaggo ta tsaya a bakin ƙofa da makullin mota a hannu. Daga can ciki, bayan kanta, muryar da ta saba amsawa tun tana goyo ta kira ta.

"Yaya. Yaya, don Allah."

Ba ta juya ba. Kofur ya turo mata kujera, ya ce ta zauna a fara rubuta bayani.